Katin Kwamfutar Kansila

Ranar Asabar bayan la'asar Honarabul Maikano ya shigo ofishin 'yan sanda yana riƙe da wuyan rigar wani saurayi. Kansila ne, bai daɗe da cin zaɓe ba. Tun da sojoji suka koma bariki, irinsa ne suke shigowa ofishin ba tare da sun tsaya a kanta ba.

"Ina Sufeto? A rufe min wannan."

Sufeto Haladu ya fito yana gyara hularsa. Mutum ne mai sanyin magana, furfura ta fara fito masa a gefen kai. Ya gaishe da kansilan, ya tambayi gida da jama'a da aiki, sannan ya ce, "Honarabul, sakar masa rigar tukuna. Ba inda zai je."

Kansila ya sake shi, ya fara bayani. Yana da shagon wasan kwamfuta a Sabon Gari, inda ɗaliban jami'a da samarin gari suke zuwa buga ƙwallo da tseren mota a allo. A cikin kwamfutocin akwai guda a lungu wadda ta fi sauran kyau, don an sa mata sabon katin hoto da ya aika aka sayo masa daga Legas.

"Mene ne katin hoto?" in ji Sufeto.

"Wani abu ne kamar tafin hannu a cikin cikinta. Duk abin da kake gani a allo shi yake zana shi. An zare nawa sabo, an cusa min wani ruɓaɓɓe. Kuma makullin shagon a hannun wannan yake."

Sufeto ya dubi saurayin. Siriri ne, idonsa ya yi ja.

"Sunanka?"

"Nu'uman, yallaɓai. Ɗalibi ne ni. Daga Gashuwa nake. In ba ni da lacca nakan tsare masa shagon."

"Kana da wani a garin nan?"

"Ba ni da kowa."

Saje Barakatu, wadda take kan kanta a ranar, ta karɓi bel ɗinsa da takalminsa, ta ce ya zazzage aljihu. Ya fito da katin makaranta, da biro, da wani ɗan ƙaramin noti. Ya yi saurin rufe notin da hannu, amma Sufeto ya riga ya gani.

Da za a wuce da shi bayan kanta, sai ya tsaya.

"Yallaɓai, jibi Litinin ina da jarrabawa. Na taɓa faɗuwa kwas ɗin nan. In ban zauna ba wannan karon, korata za a yi."

Kansila ya yi tsaki. "Litinin kana kotu."

Aka ja ƙofar ƙarfe, aka sa sakata.

Sufeto da Saje Barakatu suka bi kansila zuwa shagon. Ɗan tsukuku ne, ba taga ko ɗaya. Kwamfutoci a jere jikin bango, tsakaninsu da ƙyar mutum zai wuce a kaikaice. Sufeto ya duba kwaɗon ƙofa gaba da baya. Ba a ɓalle shi ba, ko ƙwarzane babu.

"Makulli nawa ne?"

"Biyu," in ji kansila. "Ɗaya wurinsa, ɗaya wurina. Nawa kuwa ba ya rabuwa da aljihuna."

A lungu wani mutum yana tsaye da jakar kayan aiki. Halliru ke nan, mai gyaran kwamfuta, wanda ya sa sabon katin da hannunsa, kuma shi ya ce an canja shi.

"Kunna mu gani," in ji Sufeto.

Halliru ya kunna, ya ɗora wasan ƙwallo. Da farko komai lafiya. Fili kore, 'yan wasa suna gudu. Can sai ciyawar ta fara komawa ƙananan murabba'ai masu ruwan hanta. Wasu layuka suka ratsa allon daga sama zuwa ƙasa. Wuyan mai tsaron gida ya miƙe, ya yi ta miƙewa har kansa ya fice daga allon.

"Wannan kuma raƙumi suka sa a gola?" in ji Saje Barakatu.

Ba wanda ya yi dariya. Hoton ya daskare, 'yan wasan suka tsaya cak, kowa da ƙafa ɗaya a sama.

"Haka take ta yi," in ji Halliru. "In tana da sanyi lafiya lau. Da ta ɗau zafi sai ta fara."

Ya kashe ta, ya kwance murfin. Sufeto ya lura gurbin noti ɗaya ba kowa. Halliru ya zaro katin ya miƙa masa. A jikinsa akwai 'yar fanka, ta yi baƙi ƙirin, wani abu mai danƙo ya lulluɓe fukafukanta. Sufeto ya tura ta da yatsa. Da ƙyar ta motsa.

"Ka san katin nan?"

"Ban taɓa ganinsa ba," in ji Halliru da sauri. Bai dubi katin ba. Idonsa yana kan kansila.

Sufeto ya naɗe katin a tsohuwar jarida, ya sa a aljihu.

Kafin magariba ya sa aka fito da Nu'uman. A ɗan lokacin da ya yi a ciki rigarsa ta jiƙe da gumi. Sel ɗin ƙarami ne, mutum biyar ne a ciki, taga ɗaya ce can sama kusa da rufi.

"Ka taɓa buɗe kwamfutar nan?"

"A'a, yallaɓai. Honarabul ya hana."

Sufeto ya ajiye notin a kan tebur.

Nu'uman ya daɗe yana kallonsa. Sai ya sunkuyar da kai.

"Na buɗe. Yau da safe."

"Me ya sa ka yi min ƙarya?"

"In na ce na buɗe, shi ke nan an ce ni ne."

"Yanzu ma an ce kai ne. Faɗa min daga farko."

Ya ce ranar Juma'a da hantsi ɗalibai sun yi wasa a kanta, ba ta yi komai ba. Ya rufe shago ya tafi masallaci. Da ya dawo ya buɗe, mutum na farko da ya zauna a kanta bai jima ba ya fara ƙorafi.

"Na zaci wayar allon ce, na canja wata. Ba ta daina ba. Na ɗauko allon wata kwamfutar na jona, shi ma haka. Na goge wasan na sake ɗora shi daga faifai. Na rage ƙarfin hoton har 'yan wasan suka koma kamar 'yar tsana. Duk da haka in ta yi zafi sai zanen ya dawo. Na kwana ina tunani. Da safe na ce bari in zare katin in mayar, ko bai zauna daidai ba ne. Ina cikin ɗaurewa na ji motar Honarabul, na jefa notin a aljihu."

"Da ka zaro shi ba ka ga ba shi ba ne?"

"Ban taɓa ganin sabon ba, yallaɓai. Ranar da aka sa shi ina makaranta. Na dai ga hannuna ya yi baƙi, yana wari. Na ɗauka ƙonewa ya yi."

"Wa ya gan ka a masallaci?"

"Ranar kasuwa ce. Mutane ba iyaka. Ban san ko wani ya lura da ni ba."

Sufeto ya kira kofur ya mayar da shi. A bakin ƙofa Nu'uman ya juyo.

"Don Allah ko littafina za a kawo min? Yana shagon, ƙarƙashin benci."

"Ba haske a ciki," in ji kofur.

"In na tsaya ƙarƙashin tagar zan gani."

Sufeto ya ce a kawo masa.

Ranar Lahadi da safe Baturen 'yan sanda ya kira shi ofis. Bai ce ya zauna ba.

"Haladu, Honarabul ya bugo min sau biyu. Me ake jira? Yaro yana da makulli, an sami noti a aljihunsa, ya yi ƙarya. Ka shirya takardu, gobe da safe a kai shi kotu."

"Ranka ya daɗe, ba mu sami katin ba. An bincika ɗakinsa, babu. In aka kai shi gobe, ba mai tsaya masa beli. Gidan yari za a aika shi."

"Wannan aikin alƙali ne." Baturen ya cire tabarau. "Zamani ya canja. Da can soja ne yake bugo waya, yanzu waɗannan ne. Ba na son a ɗauke ni daga nan saboda kayan wasan yara. Kai ma na san ba ka so."

"A ba ni yinin yau."

"Yinin yau naka ne. Gobe nawa ne."

Sufeto ya koma ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya warware jaridar. Inda katin ya kwanta, takardar ta yi shatin maiƙo. Ya kai hancinsa kusa. Wannan ba warin ƙonewar waya ba ne. Ya kira Saje Barakatu.

"Shinshina."

Ta shinshina, ta ɗago kai. "Yallaɓai, ai wannan banda ce. Bandar kifi."

"Ni ma haka na ji."

Rumfar Halliru tana bayan tashar mota. Da ya hango su sai ya miƙe tsaye, ya fara gaisuwa mai tsawo. Sufeto ya bar shi ya gama, sannan ya ajiye katin a kan teburinsa.

"Kwance min fankar nan."

Halliru ya ɗauko ƙaramin sukundireba ya kwance. A ƙarƙashinta baƙin danƙon ya taru kamar ƙanzon tukunya. Ya sa tsinke yana tonowa, sai ga wani ɗan siririn abu ya naɗe a gindin fankar. Ya jawo shi a hankali. Guntun gashin kaza ne.

"Me ya kawo gashin kaza cikin kwamfuta?" in ji Saje.

"Mai aka sa mata da shi," in ji Halliru. Ya murza danƙon tsakanin yatsunsa. "Man gyaɗa ne. Wani ya ga fankar tana nauyi ya ɗauka kamar ƙyauren ƙofa ce. Da farko za ta yi gudu. Daga baya man ya haɗu da hayaƙi ya daskare. In fanka ta tsaya, katin ya yi zafi, sai hoto ya fara haukacewa."

"Shagon Honarabul ana banda a kusa da shi?"

"A'a."

"Ɗakin ɗalibai fa?"

"A'a, yallaɓai."

Sufeto ya juya katin. A bayansa, can gefe, akwai ɗigon jan farce. Ya ɗaga kai ya dubi kayan da ke jere a kantar rumfar. Kowane ɗaya yana da irin wannan ɗigon.

"Jiya ka ce ba ka taɓa ganinsa ba."

Halliru ya zauna a kan benci. Ya goge goshinsa da hannun riga.

"Yallaɓai, duk aikin da nake samu ta hannunsa yake zuwa. In na faɗa a gabansa, ina zan sa kaina?"

"Akwai yaro a sel tun jiya. Shi ina zai sa kansa?"

Halliru ya ce, "Na tsohuwar kwamfutar shagon ne. Ni na sa shi bara. Da aka kawo sababbi, Honarabul ya ɗauke ta."

"Ya kai ta ina?"

"Gidansu. Ba gidan da ya gina ba. Gidan tsohuwarsa, bakin kogi."

Tun daga kan kwana suka fara jin hayaƙin. Gidan na ƙasa ne, an yi masa sabon fenti a gaba kawai. Saje Barakatu ta yi sallama ta shiga, ba ta jima ba ta leƙo ta ce an ce ya shigo.

Tsakar gidan cike yake da hayaƙi, bango da rufin kwano duk sun yi baƙi. Rabin duro biyu ne a kan wuta, an ɗora musu ragar ƙarfe, tarwaɗa a nannaɗe a kai. Wata tsohuwa tana tsugune kusa da raga ta uku. A hannunta akwai ɗaurin gashin kaza, tana tsoma shi a kwanon man gyaɗa tana shafa wa ragar don kada kifi ya manne. Iya Saudatu ke nan, mahaifiyar kansila.

"Sannu da aiki, Iya."

"Yauwa, sannunku da zuwa. Maikano ne ya aiko ku? Kullum sai ya turo a ce in daina banda, wai ba girmansa ba ne. Da wannan ragar na yi masa makaranta."

"A'a, Iya, wucewa muke yi. Muka ce mu gaishe ki."

Daga wani ɗaki da ke manne da wurin bandar ana jin ihun 'yan kallo da busar alƙalin wasa. Ƙofar a rufe take. Ɗakin ba shi da taga, sai wata 'yar kafa a sama, ta nan hayaƙin yake shiga.

"Wa ke ciki?" in ji Sufeto.

"Autana ne, Isyaku. Can yake wuni shi da akwatin da yayansa ya ba shi." Ta ɗaga murya. "Isyaku, fito ga baƙi."

Ihun ya tsaya. Ƙofar ta buɗe kaɗan. Saurayi ne dogo, ya yi haske irin na wanda ba ya shiga rana. Da ya ga kakin 'yan sanda sai ya fito ya ja ƙofar a bayansa.

"Kwamfutarka tana aiki lafiya?" in ji Sufeto.

"Lafiya lau."

"Ba ta taɓa ba ka matsala ba?"

"Ko sau ɗaya."

Iya Saudatu ta yi dariya. "Ji ƙarya. Kai ɗan nan, wa ya yi makonni yana hana ni sakat? Wai mutanen cikin akwatin sun karkace, wai fili ya zama ruwan hanta. Ya buga teburi, ya yi tsaki, ko abinci ba ya ci. Na ce masa duk ƙarfen da ya ƙi tafiya mai yake so. Ya ɗauki gashin kazata da man nan ya shafa mata."

"Iya," in ji Isyaku a hankali.

"To ba gaskiya ba ne? Da farko ta ƙi. Amma tun ranar Juma'a ban sake jin tsakinsa ba. Na ce ka gani ko, man ya ratsa ta."

"Ranar Juma'a ka je masallaci?" Sufeto ya tambaye shi.

"Na je."

"Da wa?"

"Ni kaɗai."

"Ai bai bi yayansa ba," in ji Iya. "Cewa ya yi cikinsa yana ciwo, zai biyo baya."

"Honarabul yana zuwa nan ranar Juma'a?"

"Kowace Juma'a. Nan yake zuwa ya gaishe ni, ya cire kaftaninsa ya sa babbar riga, don masallacin ya fi kusa da nan. Kaftanin kuwa a ɗakin wannan yake rataye shi, in an sauko ya dawo ya ɗauka."

Sai a lokacin ta lura ba wanda yake murmushi. Ta dubi ɗanta, ta dubi Sufeto, ta ajiye gashin kazar a cikin kwano.

"Lafiya dai?"

Sufeto ya ce da Saje ta je ta kira Honarabul, ta biya ta taho da Halliru.

Kansila ya iso ransa a ɓace.

"Sufeto, me ya kawo ka gidan mahaifiyata? Ɓarawo yana hannunka."

Sufeto ya sa hannu a aljihu. Ya warware jaridar, ya miƙa masa tsohon katin.

"Honarabul, shinshina."

"Wane irin wasa ne wannan?"

"Shinshina kawai."

Kansila ya kai katin hancinsa. Bai daɗe ba ya sauke hannu. A cikin wannan hayaƙin aka haife shi, a cikinsa ya girma, ba sai an gaya masa ba. Ya juya ya dubi duron, ya dubi kafar da ke saman ɗakin ƙaninsa.

"Buɗe ƙofar nan," ya ce.

Ɗakin duhu ne, katifa ɗaya da tebur. A allo wasa yana tsaye inda aka dakatar da shi, fili kore shar, ba layi ko ɗaya. Halliru ya kashe kwamfutar ya kwance murfin. Komai na cikinta ya yi baƙi, ban da abu guda. Sabon katin yana zaune a tsakiya yana ƙyalli. Amma ko shi, bakin fankarsa ya fara dusashewa.

Isyaku ya zauna a bakin katifa.

"Ni ne, Yaya."

Kansila ya juyo ya dube shi.

"Da kuka tafi masallaci na zaro makullin daga kaftaninka. Na bi ta lungu. Kowa yana masallaci ko kasuwa. Na canja, na dawo, na mayar da makullin kafin a sauko."

"Sayarwa za ka yi?" in ji Sufeto.

"A'a. Wasa kawai nake so ya yi." Ya dubi yayansa. "Na yi jarrabawar shiga jami'a, ban samu ba. Na ce zan bi su Baba Ƙasimu masunta kogi, ka ce ƙanin mai neman kansila ba ya su. Na ce zan zauna a shagon, ka ce zan lalace a can, ka ɗauko bare ka ba shi makulli. Sai ka kawo min wannan ka ce in zauna a gida. Na zauna. Ita kaɗai nake da ita, ita ma ta lalace."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Na faɗa maka. Ka ce bayan zaɓe. An yi zaɓen, ka ce kana da taro."

Sufeto ya ce, "Ka yi tunanin wa za a kama?"

"Na zaci za a ce katin ne ya mutu, a sayo wani. Ban san za a gane an canja ba."

"Ka ji an rufe Nu'uman?"

"Na ji jiya."

"Sai ka yi me?"

Isyaku ya dubi allon da ya mutu.

"Na rufe ƙofa na ci gaba da wasa."

Kansila ya ja Sufeto gefe, ya rage murya.

"Sufeto, a bar maganar nan a gida. Tsakanina da ƙanina ne."

"Jiya ma da za a iya barinta a shago, Honarabul. Kai ka kawo ta ofis, kai ka bugo wa Bature. Yaron can ba zai fita ba sai wanda ya yi ya faɗa da bakinsa an rubuta. Abin da za ku yi da Bature bayan nan, wannan naku ne. Amma yanzu tare za mu tafi."

Kansila ya kau da kai. Ya juya ya fita waje ya tsaya jikin motarsa.

Saje Barakatu ba ta fito da ankwa ba. Ta ce da Isyaku ya sa takalminsa. Suna kaiwa bakin zaure Iya Saudatu ta ce, "Ku dakata."

Ta koma wurin duron, ta zaɓi tarwaɗa biyu manya, ta naɗe kowace daban a takarda. Ta miƙa wa Saje.

"Ɗaya tasa. Ɗaya ta ɗan mutanen da aka rufe. Ki ce masa ban sani ba."

Bature ya saurari bayanin, ya dubi katunan biyu a kan teburinsa, ya ce, "To a sallami ɗalibin."

Da kofur ya zare sakata, Nu'uman yana tsaye a ƙarƙashin tagar, ya ɗaga littafinsa sama yana kama sauran hasken yamma. Sai da aka kira sunansa sau biyu sannan ya juyo. Ya fito yana dafa bango, ƙafafunsa sun kumbura don tsayuwa.

Saje ta jera masa kayansa a kan kanta. Bel, takalmi, katin makaranta, biro. Ta ɗora ƙunshin kifin a gefe, ta isar da saƙon tsohuwar. Notin ne ya rage. Nu'uman ya ture shi da yatsa zuwa gaban kansila, wanda yake tsaye ya kasa dubansa.

"Na kwamfutar lungu ne. Ga makullinka kuma a wurin kofur."

"Nu'uman, tafi ka yi wanka ka kwanta," in ji Sufeto. "Gobe ka tashi da wuri."

A lokacin ne aka kawo Isyaku kanta. Ya cire bel ɗinsa da takalminsa ba tare da an ce masa ba. Su biyun suka tsaya kusa da juna. Isyaku ya leƙa ƙofar ƙarfen da ke buɗe.

"Akwai taga a ciki?" ya tambaya, muryarsa can ƙasa.

Nu'uman ya sa takalminsa. Ya ɗaura bel ɗinsa, ya sa littafinsa a hammata, ya ɗauki kifin.

"Akwai," ya ce. "Ƙarama ce. Ka tsaya ta hannun hagu, ta nan iska take shigowa."

Kofur ya taɓa kafaɗar Isyaku, suka wuce bayan kanta. Nu'uman kuma ya taka zuwa bakin ƙofa, ya ɗan tsaya har idonsa ya saba da haske, sannan ya fita titi.